Riga-kafi: Ɓarnar da Rabin Labari Ke Yi

A watan Yulin 2023 cutar mashaƙo ta ɓulla a Kafanchan, ta yi ajalin ƙananan yara. Cuta ce da allura uku ke karewa, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa, kuma kyauta ake yin su a asibitin gwamnati. Nisan asibiti da rashin tsaro suna cikin dalilan da ke hana yara samun allurar. Amma akwai uwar da asibiti ke bakin ƙofarta, a Jere ko Kagarko, da ke shigewa ɗaki da goyonta idan ta ji sallamar ma'aikatan lafiya. Wannan tsoro yana da tarihi, kuma 'yan jarida na da hannu a ciki.

A 2003 jihar Kano ta dakatar da riga-kafin shan-inna, bisa zargin an gauraya maganin da sinadarin hana haihuwa. Sai a Yulin 2004 aka ci gaba, kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wasu kafofin gida sun yi ta maimaita zargin ba tare da sun nemi hujja ba. Wasu jaridun Legas da na Turai kuwa suka taƙaita maganar a kan jahilci da tsattsauran ra'ayin addini.

Laifin nan na biyu ba a cika ambatonsa ba, alhali ya yi ɓarna. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara 200 masu sanƙarau, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Duk rahoton da ya kira uba jahili, ya tsallake wannan tarihi, ya tabbatar masa da abin da yake zargi: ana ɓoye masa wani abu. Daga nan sai ya koma wajen mai jita-jita, wanda ko ba komai bai raina shi ba.

A ranar 8 ga Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan riga-kafi tara a Kano, kwanaki kaɗan bayan wani shirin rediyo ya sake tayar da tsohon zargin. Hukumar NBC ta dakatar da lasisin tashar. Rufe tasha ba ya goge abin da kunne ya riga ya ji, balle yau da saƙon murya a WhatsApp ke isa Jere kafin sanarwar ma'aikata ta bar teburin darakta.

A nan nauyi ya hau kan masu rubuta wa minista jawabi da jami'an yaɗa labarai na hukumar NPHCDA. Idan yaro ya yi zazzaɓi bayan allura, a faɗa cewa hakan na faruwa, a bayyana dalili da kwanakin da yake ɗauka, da Hausa da Tyap da Jju da Gbagyi, ta bakin ma'aikaciyar da unguwa ta sani. Editan da ya zaunar da likita da mai zargi kafaɗa da kafaɗa da sunan adalci kuwa, ya tambayi kowannensu hujjarsa a gaban mai sauraro, ya kuma faɗi wanda ya kasa kawowa.