Kalmar «divisive»: wa ya raba kan jama'a?

Masu sauraren gidajen rediyon ƙasashen waje sukan ji an ce wane «mai raba kan jama'a ne». Sau da yawa wannan fassara ce ta wata kalmar Ingilishi, watau «divisive». Asalinta daga harshen Latin ne, tushensu ɗaya da «diviser» ta Faransanci wadda ma'aikatanmu suka sani. Ta bambanta da «controversial», mai nufin abin da ake gardama a kansa. Gardama ba laifi ba ce, ko a dandali akan yi ta a tashi lafiya. Amma wanda aka kira «divisive» tuhumarsa aka yi: ana nufin da can kan jama'a a haɗe yake, shi ne ya zo ya raba.

A nan ya kamata mai karatu ya yi hattara. A watan Afrilu na 1963, a garin Birmingham na jihar Alabama ta Amurka, doka ta raba baƙar fata da farar fata a wuraren cin abinci, har da wurin shan ruwa. Martin Luther King ya jagoranci zanga-zangar lumana, aka kama shi. Malaman addini takwas, dukansu farare, suka fitar da takarda suna kiran a haɗa kai, suna cewa lokacin zanga-zangar bai yi ba. Ya ba su amsa daga kurkuku. To, wa ya raba garin, dokar ko wanda ya nuna ta da yatsa? Bangon ya daɗe da tsagewa kafin a ga ƙadangare. A 1983 Amurkar nan ta keɓe ranar hutu da sunansa.

Kalmar ta shiga har takardun mulki. A watan Satumba na 2020 shugaba Trump ya sa hannu kan umarnin da ya hana koya wa ma'aikatan gwamnati wasu ra'ayoyi kan launin fata, ya kira su «divisive». Shugaba Biden ya soke umarnin a Janairun 2021.

Babu musu, akwai masu hura wutar ƙabilanci don neman kujera, kuma sunan ya dace da su. Sai dai sau da yawa a bakin abokin hamayya ake jin kalmar. Saboda haka, mai fassara labari a rediyo ko a ofis, in ya tarar da ita, ya wajaba ya faɗi wanda ya furta ta, kada talaka ya ɗauki zargi a matsayin labari.