Windows na jika biyu, ko Linux na kyauta?

Ƙanena ya fara koyon Python a gida, shekaranjiya ya tambaye ni: "Yaya, in sayi Windows ne ko in sa Linux?" Sai da na yi dariya. Saye? A cikinmu wa ya taɓa sayen Windows? Lasisin Windows 11 na gida Yuro 145 ne a Faransa, wajen jika 95 ke nan na sefa. Abin da muke yi, kowa ya sani: a kai kwamfuta wurin mai gyara a kasuwa, a ba shi jika biyu, ya zuba na sata.

Ni ma haka na yi, kuma na ɗanɗana kuɗata. Kafin na satan ya zauna, sai an kashe mai gadin kwamfutar. Ni kuwa ban sani ba. Saura wata biyu in kare memwar ɗina a jami'a, na wayi gari takarduna duka sun ƙi buɗewa. Babi uku na sake rubutawa daga farko, ina yi kuran na ɗaukewa. Wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Yanzu ma abin ya ƙara tsanani. Microsoft ta tsaida 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen kula da Windows 10. Shi kuma Windows 11 yana neman TPM 2.0 da Intel na zubi na 8 zuwa sama, abin da tsofaffin kwamfutocin da ake kawo mana daga Turai da yawa ba su da shi. Kwamfutar da ba a toshe mata kafa ita ɓarayi ke shiga: haka WannaCry ta tsaida aiki a asibitocin Ingila a 2017.

Don haka ni na ce mashi Linux. Wani ɗalibi ne a Finlan, Linus Torvalds, ya fara shi a 1991, kuma wayarka ta Android a kansa take tsaye. Linux Mint ko Lubuntu suna tafiya lafiya lau a kan kwamfuta mai RAM giga 4. Python galibi yana ciki tun farko, Git umarni ɗaya ne. Kuma in Allah ya sa ka samu aikin shafukan intanet, galibin manyan na'urorin da za ka ɗora aikinka a kansu Linux ne, gara hannunka ya saba tun a ɗaki.

Amma ba zan ɓoye maku ba, akwai wahala. Photoshop, AutoCAD da Word na ainihi ba su hawa kai tsaye. LibreOffice kan hargitsa tsarin takardar da wani ya aiko. Ni kaina na yi kwana biyu ina fama da wifi. Wanda abincinsa ke cikin waɗannan manhajoji, ya tara kuɗi ya sayi lasisi na gaskiya, babu kunya a ciki. Akwai ma WSL da zai ba shi Linux a cikin Windows ɗin.

Ƙanen nawa dai ba zane yake ba, kod yake koyo. Na ce ya zo ran Asabar da kle USB mai giga 8, mu kunna Mint daga kanta ba tare da goge komai ba, mu fara ganin ko wifinsa zai kama.