Ra'ayinmu: Akwai Wasan Da Ya Wuce Ƙwallo Da Bindiga

Duk wanda ya ratsa ɗakunan kwanan ɗalibai bayan sallar Isha'i, ko ya leƙa shagunan gem da suka kewaye ƙofar jami'a, ba ya bukatar a gaya masa cewa wasan bidiyo ya zauna da gindinsa a tsakaninmu. Abin da zai tarar kuwa bai wuce iri biyu ba. Ko dai samari sun yi cincirindo a gaban talabijin ana buga ƙwallo, wannan ya ɗauki Real Madrid, wancan ya ɗauki Barcelona, wanda aka cinye ya tashi ya ba na baya wuri. Ko kuwa kowa ya duƙufa a kan wayarsa ana harbe-harbe a Free Fire ko PUBG. Iyayenmu da malamanmu sun daɗe da yanke hukunci cewa shiririta ce da ɓata lokaci, mu kuma masu bugawa ba mu da wata amsa sai murmushi. A ganin wannan mujalla, da masu sukar da masu bugawar duk gefen abin kawai suka gani.

Ba za mu musa wa magabatanmu gaskiyarsu ba. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan bidiyo a cikin jerin cututtukan da ta sani, kuma babu ɗayanmu da bai san wani ɗalibi da ya maimaita kwas saboda ya raba dare yana neman ramuwar ci uku da nema ba. Amma ba a taɓa rufe ɗakin karatu domin an sami littattafan banza a ciki ba. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne, wane ne ya zaɓa mana waɗannan wasanni biyu daga cikin dubbai, kuma me ya ɓoye mana da ya yi zaɓin?

Amsar ita ce kasuwa. Mai shagon gem kuɗinsa yana shigowa ne a kan kowane wasa da aka buga, saboda haka abin da ya fi masa shi ne wasan da mutum biyu za su gama cikin minti goma su ba wasu wuri. Wasan da mutum ɗaya zai zauna yana tunani na awa biyu hasara ce a wurinsa, ga man janareta yana ƙonewa. Manyan kamfanoni kuma suna da kuɗin talla. Kamfanin EA ya fara fitar da wasan FIFA tun 1993, yana sake masa riga kowace shekara, har ya rabu da sunan a 2023 ya koma EA Sports FC, mu kuma muna biye. Wasannin harbi na waya kyauta ake ba da su, domin an san za a tatsi mai bugawa daga baya ta hanyar sayar masa da tufafi da makamai na cikin wasan. Ƙaramin wasan da mutum ɗaya ko mutum goma suka haɗa ba shi da mai yi masa shela, kuma sau da yawa sai an biya da dala kafin a same shi. To, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗalibin da zai iya tono littafin da aka daina bugawa shekara talatin da suka wuce domin ya rubuta kundinsa, ba zai ce mana ya kasa neman wasa na uku ba.

Wasan da muka fi so mu ja hankalin masu karatu a kansa sunansa Papers, Please, watau abin da jami'i yake faɗa idan ya miƙo hannu yana neman takardunka. Wani Ba'amurke mai suna Lucas Pope, mazaunin Japan, shi kaɗai ya haɗa shi ya fitar a watan Agusta na 2013. A ƙasashen waje ba a raina shi ba: ya ci lambobin yabo, kuma ya zuwa 2023 an sayar da kwafi miliyan biyar. A nan wurinmu ne ba a ko san da shi ba, alhali kuwa da wuya a sami wasan da ya fi shi dacewa da ɗalibin da yake shirin shiga aikin gwamnati.

Ga yadda yake. Kai ne jami'in shige da fice a kan iyakar wata ƙasa ta ƙage mai suna Arstotzka, a ƙarshen shekarar 1982, bayan an gama yaƙi da maƙwabciyarta. Ba ka nemi aikin ba, ƙuri'a ce ta faɗo a kanka. An ba ka ɗan ƙaramin tebur, da littafin dokoki, da hatimi biyu, kore na izini da ja na ƙi. Mutane suna layi, kowa ya zo ya ajiye fasfo ɗinsa, kai kuma ka duba hoto da suna da ranar ƙarewa da garin da aka bayar da shi. Ranar farko aikin ba wuya. Amma kowace safiya sai ma'aikata ta aiko da sabuwar sanarwa: yau ana bukatar tikitin shiga, gobe an soke tikiti sai takardar izini, jibi ma'aikata sai sun nuna takardar aiki, can gaba har da shaidar rigakafin shan inna. Teburin bai ƙaru ba, takardu sun yi masa yawa, agogo kuma yana tafiya. Albashinka a kan yawan mutanen da ka sallama ne. Idan ka yi kuskure nan take na'ura za ta fito da takardar gargaɗi. Ana yafe maka biyu a yini, daga na uku sai a fara yankar albashi. Da yamma ka koma gida ka tarar da matarka da ɗanka da surukarka da kawunka, ka biya kuɗin haya, sannan ka zauna kana lissafin ko abinci za a saya da abin da ya rage, ko makamashin ɗumama ɗaki, ko maganin yaron da ba shi da lafiya.

A cikin wannan hali ne wasan yake kawo maka mutane. Wani magidanci ya zo da takardunsa cif, ka buga masa kore, kafin ya wuce ya roƙe ka ka tausaya wa matarsa da take bayansa. Matar ta zo, babu takardar izini, kuma ta ce in ta koma inda ta fito kashe ta za a yi. Doka ta ce ja. In ka buga kore, gargaɗi ne a kanka, kuma in ka riga ka cinye biyun da ake yafewa, daga bakin ɗanka za a cire. Wani mai gadi kuma zai zo ya raɗa maka cewa ana biyansa a kan kowane mutum da aka tsare, in ka yawaita tsarewa zai riƙa ba ka kaso. Daga ranar nan za ka ga yadda hannunka yake saurin kai wa maɓallin tsarewa a kan laifin da jiya da ka mayar da mai shi gida kawai. Har wata ƙungiyar asiri za ta aiko maka da kyautar kuɗi mai tsoka, in ka riƙe maƙwabta su ga canji su kai ƙara. Wasan yana da ƙarshe iri ashirin, kuma da yawa daga cikinsu a kurkuku suke ƙarewa.

Me ya sa muka tsaya a kan wannan? Domin mu ɗalibai ba mu da gwanintar da ta wuce zagin ma'aikata. A kowace muhawara ta ƙungiya mukan tashi mu la'anci cin hanci, mu yi tir da akawun da ya ɓatar da fayil har sai an ba shi na goro, a tafa mana. Amma bayan 'yan shekaru, an gama bautar ƙasa, mu ne za mu zauna a bayan waɗannan tebura, a ofishin rajista, ko baitulmali, ko kan iyakar Jibiya ko Illela, da hatimi a hannu, da albashin da ba ya kai ƙarshen wata, da dangi suna jira a gida. Yayyenmu da suka riga mu shiga aiki, waɗanda da yawansu suke karanta wannan mujalla, sun san abin da muke nufi. A aji ana koya mana ɗa'ar aiki da baki, mu haddace mu rubuta a jarrabawa. Wannan wasa kuwa miƙa wa mutum hatimin yake yi ya bar shi da zuciyarsa, kuma mafi yawan masu bugawa kafin mako na biyu na cikin wasan sun daina ganin fuskokin mutane, takardu kawai suke gani. Gara mutum ya gano wannan a jikinsa a gaban kwamfuta, inda ba wanda zai cutu, da ya gano shi ranar da tsohuwa take tsaye a gabansa da takardun fansho. Ga shi kuma wasan bai kai girman fim ɗaya ba, tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa, ba ya bukatar intanet, kuma tun 2022 akwai shi a waya.

Haka nan masu son wasan yaƙi ya kamata su san This War of Mine, wanda wani kamfani na birnin Warsaw a ƙasar Poland ya fitar a 2014, bisa abin da ya sami mutanen Sarajevo a ƙawanyar da aka yi musu daga 1992 zuwa 1996. A cikinsa ba soja kake ba. Fararen hula ne 'yan ƙalilan a rusasshen gida, da rana ba fita saboda maharba, da dare ɗaya ya fita neman abinci da magani. Akwai gidan da za ka shiga ka tarar da tsoho da tsohuwa ba su da ƙarfin hana ka komai, kuma in ka kwashe musu abinci, mutanenka za su ƙoshi amma baƙin ciki zai kwantar da su. A 2020 gwamnatin Poland ta ba da sanarwar sanya shi cikin jerin abubuwan da ɗaliban sakandare za su iya nazarta. A cikinmu akwai 'yan uwa daga Borno da Zamfara da suka san gudun hijira da idonsu; ba su ne suke bukatar wannan wasa ba, mu ne da muke zaune kusa da su muna ihun murna a kan yawan waɗanda muka harbe.

Sai kuma maganar da ta fi ci mana rai, watau ta harshe da tarihi. Mutanen Iñupiat na Alaska, waɗanda masu jin harshensu ba su wuce 'yan dubbai ba, sun ga yaransu sun tafi ga wasan bidiyo, sai wata majalisar 'yan asalin yankin ta zuba kuɗi aka haɗa Never Alone a 2014. Tatsuniyarsu ce, ta wata yarinya mai suna Nuna da farar yanyawa suna neman mafarin guguwar ƙanƙara, kuma da harshensu ake ba da labarin, dattawansu suna bayani a tsakani. Maƙwabtanmu na Kamaru ma sun yi: kamfanin Kiro'o na Yaounde, ƙarƙashin Olivier Madiba, ya fitar da Aurion a 2016, labarin yarima Enzo da amaryarsa Erine da aka yi wa juyin mulki a ranar naɗi da aure, kuma sun haɗa shi ne ana ɗauke musu wuta kamar yadda ake ɗauke mana.

Mu fa? A watan Agusta na 2021 aka ƙara Hausawa a cikin Age of Empires III na kamfanin Microsoft. Kano ce cibiyarsu, Sarauniya Amina ce jagora, akwai barade masu lifidi, akwai wani mayaƙi da ake kira Maigadi, kuma in ka ba su umarni da Hausa suke amsawa. A 2025 kuma Amina ta sake fitowa a cikin shugabannin Civilization VII. Yara a Jamus da Brazil suna jan rundunar Hausawa, suna musu a kan ƙarfin dokin lifidi, mu kuwa da abin ya shafa ɗalibi nawa ne a Sashen Tarihi ya taɓa buɗe wasan ya duba ko an faɗi daidai? Muna yaba wa waɗanda suka tuna da mu, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Harshen da miliyoyin mutane suke magana da shi daga Agadas zuwa Kumasi bai kamata ya zauna jiran baƙo ya sa shi a wasa ba. Muna da dara, wadda dattawa suke gwada kaifin hankali da ita a gindin bishiya; muna da Gizo da Ƙoƙi; muna da tarihin fatake da ayarin goro zuwa Gwanja, wanda shi kaɗai ya isa wasan lissafi da dabara. Kayan aikin ma ba su gagara ba, tun da akwai manhajar haɗa wasa irin Godot da ake samu kyauta.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu. Kuɗin da ake karɓa daga kowane ɗalibi a farkon shekara ya isa a sa kwamfuta ɗaya ko biyu a ɗakin shaƙatawa, a sayi waɗannan wasanni ta halal da sunan ƙungiya, a keɓe dare ɗaya cikin mako biyu da za a kashe ƙwallo a buga ɗaya daga cikinsu a bainar jama'a, a gayyato malami daga Sashen Mulki ko na Tarihi a yi muhawara a kai. A tabbatar kuma an shirya lokacin yadda 'yan uwanmu mata za su iya halarta, domin shagunan bakin ƙofa ba wurin zuwansu ba ne. Muna kuma roƙon Sashen Kimiyyar Kwamfuta da Sashen Harsunan Nijeriya su yarda ɗalibi daga nan da ɗalibi daga can su haɗa hannu su yi ƙaramin wasa da Hausa a matsayin aikin kammala karatu, a ba su maki a kai. Za mu miƙa wannan shawara a rubuce ga Majalisar Wakilan Ɗalibai a zamanta mai zuwa, kuma za mu buga amsar da aka ba mu a wannan shafi, tare da wasiƙun duk wanda ya san wani wasa da ya cancanci a sa a jerin.