Tsadar maganin dashen ƙoda: me ya sa ba a tsallake ko rana ɗaya?

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, magungunan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada. Idan an yi maka dashen ƙoda, ko kana jinyar wanda aka yi wa, wataƙila ka taɓa tunanin rage shan takrolimus don kwalin ya kai ƙarshen wata. Kafin ka yi haka, ya kamata ka san aikin da maganin yake yi a jininka.

Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai rukunin da ake kira ƙwayoyin T. Da zarar ɗayarsu ta gamu da abin da ba na jikinka ba, kamar ƙodar da aka dasa maka, sai wasu ƙofofi a jikinta su buɗe, sinadarin kalsiyam ya kwarara ciki. Wannan kalsiyam saƙo ne, kuma yana tayar da furotin iri biyu. Na farko su ne kinas, masu kunna wasu furotin ta hanyar liƙa musu sinadarin fosfet. Na biyu shi ne kalsinurin, wanda ke cire fosfet daga furotin ɗin NFAT. Daga nan NFAT ke shiga tsakiyar ƙwayar ya ba da umarnin samar da intalukin-2, sinadarin da ke sa ƙwayoyin T su hayayyafa su far wa ƙodar.

Takrolimus da siklosforin kalsinurin suke toshewa. Amma toshewar tana nan ne muddin maganin yana cikin jini. Shi ya sa galibi ake shan sa sau biyu a rana, da tazarar awa 12.

Maganin ma yana da illa: yana iya raunana ƙoda, ya kawo hawan jini ko ciwon suga. Don haka masu bincike suka gwada toshe kinas maimakon kalsinurin, da wani magani mai suna sotrastaurin. Da aka sa shi a madadin takrolimus, waɗanda jikinsu ya ƙi ƙodar suka fi yawa, har aka dakatar da gwaje-gwajen. Ke nan har yanzu takrolimus ne ginshiƙi ga mafi yawan masu dashe.

Idan kuɗi ya yi ƙaranci, ka sanar da likitanka tun kwalin bai ƙare ba. Kada ka koma na wani kamfani sai an auna yawan maganin a jininka. Ka faɗa masa duk abin da kake sha, har da na gargajiya: rifamfisin na tarin fuka yana rage takrolimus a jini, fulukonazol kuwa yana ƙara shi. Kada kuma ka bar nono ko madara don tsoron kalsiyam, domin ba abinci ne ke buɗe waɗancan ƙofofin ba.

Idan fitsarinka ya ragu, ƙafafu suka kumbura, ko zazzaɓi ya kama ka, ka je asibiti a ranar. Ƙodar da ta lalace, wankin ƙoda za ta mayar da kai.