Mai Gida Da Ɗan Hayan Da Ba Shi Da Takarda

Yawancinmu da ke zaune a Sabon Gari ta Kano, ko Kakuri, ko Tudun Wada ta Jos, da baki muka kama ɗaki. An yi ciniki, an biya, an ba da makulli, shi ke nan. To, ranar da mai gida ya ce a tashi, sai ka ji yana cewa ai babu takarda tsakaninsu, saboda haka gobe ma yana iya fid da kaya waje.

Wannan kuskure ne. A dokar ƙasar nan, wanda ya karɓi kuɗin haya ya riga ya ƙulla yarjejeniya, ko da ba a rubuta komai ba. Gida dai nasa ne, yana kuma da ikon karɓar abinsa, amma sai ya bi hanya. Idan ba a yi wani sharaɗi daban ba, mai biya mako-mako ana ba shi notis na mako guda, mai biya wata-wata wata guda, mai biya shekara-shekara kuwa wata 6. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi wani notis na kwana 7, cewa za a kai shi kotu. Alƙali ne zai ba da umarni, ma'aikatan kotu su fid da shi. Kowace jiha da dokarta, amma yawancinsu a kan wannan tsari suke.

Cire kwanon ɗaki da damina, ko sa kwaɗo a ƙofa, ko ɗauko 'yan daba, duk ɗaukar doka a hannu ne, kuma ɗan haya na iya neman diyya. Ko gwamnati ba a bar ta ba. Lokacin da gwamnatin soja ta Jihar Legas ta tura masu bindiga suka fid da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu, Kotun Ƙoli ta yi tir da haka a 1986.

Amma mu faɗi gaskiya, masu gidaje ma suna da kuka. Akwai gwauruwar da ɗakuna huɗun da mijinta ya bari su ne abincinta da kuɗin makarantar yara, ga ɗan haya ya shekara bai biya ba, yana fakewa da cewa notis bai cika ƙa'ida ba. Irin wannan, ko a cikin 'yan'uwanmu na ikkilisiya akwai su. A 2021 Kotun Ƙoli ta nuna cewa ɗan kuskure a notis ba zai zama mafakar wanda ya san ana neman gidan ba.

Inda aka fi rikici shi ne wajen wanda aka ba ɗaki kyauta, kamar ɗan'uwa ko maigadi. Shi ba ɗan haya ba ne, ba shi da wata 6, amma dokar Legas ta 2011 ta ce a ba shi notis na kwana 7 kafin a je kotu. Mai biyan haya kuwa, rasit ɗinsa ne zai nuna wa alƙali ko na wata ne ko na shekara, don haka a riƙa karɓa, a adana.