Alamar jam'iyya za ka dangwala wa, amma mutum ne zai tafi Abuja

Ƙannenmu na aji biyar da aji shida, da yawanku za ku cika shekara 18 kafin zaɓen 2027, wato mu da ku za mu tsaya layi ɗaya ran zaɓe, kuma yawancinmu karon farko ke nan. To, ga wani abu da ba a koyarwa a aji. Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da sunan ɗan takara ko hotonsa, alamar jam'iyya ce kawai. Amma wanda za a rantsar mutum ne, shi da halinsa.

Mu duba gida. Kibiya tana mazaɓar tarayya ɗaya da Rano da Bunkure. A 2019 Kabiru Alhassan Rurum ya ci wannan kujera a APC, a 2023 ya sake ci a NNPP, sannan a 2025 ya koma APC. Sanatan Kano ta Kudu, Kawu Sumaila, wanda ya kayar da Kabiru Gaya a 2023 bayan Gaya ya shekara 16 a kujerar, shi ma ya bar NNPP zuwa APC a 2025. Ba yabo muke ba, ba kuma suka ba, kowa yana da dalilansa. Abin lura shi ne, wanda ya dangwala wa kwandon kayan marmari ran 25 ga Fabrairun 2023, yau kwandon ya tafi, mutumin yana nan. Kun ga ashe mutumin ya kamata a auna tun farko.

Da me za a auna shi? Ba dai da fosta ba, mai buga fosta kuɗinsa ya karɓa. Ba kuma da bakin sojojin baka na rediyo ba, waɗanda kan wanke mutum tas da daddare, bayan wata biyu su zage shi tas. Sa'ar da muke da ita a ƙaramin gari ita ce kowa ya san kowa. Mai neman kansila ko majalisar jiha yana da maƙwabta, yana da waɗanda suka yi masa aikin gona, yana da wanda ya taɓa binsa bashi. Ku tambaye su. Yana biyan lebura kafin ya wuce gida, ko sai an yi ta sintiri a ƙofarsa? Da aka ba shi riƙon kuɗin ƙungiya ko na ginin masallaci, ya kawo lissafi? Kuma kada ku tsaya ga masoyansa kaɗai, ku ji ta bakin wanda suka taɓa saɓawa, don a nan ake gane ko mai haƙuri ne ko mai riƙo. Hausawa sun ce hali zanen dutse. Wanda ya ci amanar dubu hamsin, ba ranar da aka damƙa masa kasafin miliyoyi zai koyi tsoron Allah ba.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne rakiyar ɗan takara. Ku dubi su wa ke gaban motarsa ranar kamfe. In yara ne sa'anninku, idanu jajur, riƙe da gora da wuƙaƙe, to ya riga ya faɗa muku matsayin ɗan talaka a wurinsa. Sai ku tambaya, nasa 'ya'yan suna ina a wannan rana?

Taliya da sabulu da atamfa kuwa, ba za mu zagi uwar da ta karɓa ba, mun san halin da ake ciki. Sai dai mu da muka yi lissafi a makaranta mu raba kuɗin ƙullin taliya gida 1,461, adadin kwanakin shekara huɗu, mu ga nawa aka sayi kowace rana tamu.

Wasu za su ce duk ɗaya suke. Tarihin Kano bai yarda ba. Malam Aminu Kano ya rasu a 1983, gidansa na Gwammaja, Mambayya, yana nan, yau cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Duk wanda ya shiga birni ya leƙa ya ga inda mai neman shugabancin ƙasa ya zauna. Abubakar Rimi, ɗan ƙasar Sumaila nan kusa da mu, da ya hau gwamna a 1979 ya soke haraji da jangali. Kakanninmu da suka biya haraji suna raye, a tambaye su.

Kundin tsarin mulki ya ce ɗan takara ya kasance ya yi karatu aƙalla zuwa matakin kammala sakandare, takardar da kuke wa wahala yanzu. Tun 2018 kuma mai shekara 25 zai iya neman majalisar jiha ko ta wakilai. Hukumar INEC kan fitar da bayanan da 'yan takara suka rantse a kansu kafin zaɓe, har da makarantun da suka ce sun yi. Ofishinta na ƙaramar hukuma, inda ake yankar katin zaɓe, nan za ku tambayi lokacin da za a liƙa su. Ku tafi da biro da takarda.