Suna Linzami Ne: Raɗin Sunan Da Ake Yi A Gidan Kallon Ƙwallo

Ranar da aka yi sanarwar rasuwar wani abokin tasowata a masallacin unguwarmu a Achilafiya, ladan ya faɗi sunansa na yanka da na mahaifinsa har sau biyu. Sahu ya yi tsit, kowa na kallon na kusa da shi. Can sai wani daga baya ya ce, "Ai Tulu ne." Nan take masallaci ya ɗauki salati.

Ina wurin ranar da aka laƙaba masa wannan suna. Muna yara ne, muna buga ƙwallon tsumma a bayan makaranta, shi kuma yana fama da ciwon da ya kumbura masa ciki, ba ya iya gudu, sai muka sa shi tsaron raga. Wani ya ce mun ajiye tulu a bakin raga, aka kwashe da dariya, har da ni. Ciwon ya warke tun kafin mu gama firamare, sunan kuwa ya bi shi sama da shekara arba'in. Ya yi aure, ya haihu, ya yi furfura, 'ya'yansa suka zama "'ya'yan Tulu". Sau ɗaya tak ya taɓa yi mini maganar, muna dawowa daga Kazaure a mota. Ya ce, "Malam, mahaifiyata har ta koma ga Allah, in ta ji an kira ni da sunan nan sai ta shige ɗaki." Bai ƙara komai ba, ni ma na rasa ta cewa.

Abin da ya sa na tono wannan shi ne na ga ana ci gaba da irin wannan raɗin suna, ba rago ba liman, kuma yanzu babban zaurensa shi ne gidan kallon ƙwallo.

Duk wanda ya san garuruwanmu, daga Kazaure zuwa Roni, Gwiwa, 'Yankwashi har Babura, ya san wurin: rumfar kwano, bencina a jere, janareto na ruri a baya, allon talabijin biyu ko uku, mai gida a bakin ƙofa yana karɓar kuɗi. Ni ma ina zuwa, kuma ba na jin kunyar faɗa. Wuri ne da manomi da malamin makaranta da ɗan acaɓa ke zama a benci ɗaya. Amma wata Asabar na ga abin da ya hana ni barci. Wani yaro ɗan kimanin shekara goma sha huɗu, mai tallan ruwan leda, ya shigo da bokitinsa. Ashe da safe ya ci gida a wasan unguwa. Yana ɗaga labule wani magidanci, sa'an mahaifinsa, ya ɗaga murya: "Ga Maguire nan ya iso!" Rumfa ta kaure da shewa. Yaron ya yi yaƙe, ya sayar da ruwa biyu, hannunsa na rawa wajen ba da canji, ya fice. Bayan wata guda har ƙannensa da sunan suke kiransa, kuma ya daina zuwa fili.

Shi kansa mai sunan ya ɗanɗana kuɗarsa. Harry Maguire ya koma Manchester United daga Leicester a 2019 kan fam miliyan 80, daga baya duniya ta mai da sunansa kalmar da ake jifan duk mai kuskure da ita. Abin ya kai har majalisar dokokin Ghana, inda ɗan majalisa Isaac Adongo ya yi amfani da sunan a 2022 wajen yi wa mataimakin shugaban ƙasarsu ba'a, sai a 2023 ya nemi afuwar ɗan wasan. A watan Satumban 2023, bayan wasan Ingila da Sikotilan, mahaifiyarsa ta fito fili ta koka kan cin mutuncin da ake yi wa ɗanta. To wannan fa attajiri ne, mai masu ba shi shawara da masu kare shi. Ina ga yaron da jarinsa bokitin ruwa ne?

Kada a fahimce ni a baibai. Bahaushe bai taɓa ƙin laƙabi ba, hasali ma al'adarmu cike take da shi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari saboda alkunya, sai ta nema masa wani. Wanda aka haifa bayan mata Tanko ne, wanda ya biyo tagwaye Gambo, na ƙarshe Auta. Yaron da aka sa wa sunan kakansa sai a ce masa Abba ko Baba don girmama mai sunan. Mutane nawa ne suka san Ɗan Maraya Jos da sunansa Adamu? Rabi'u Ali na Kano Pillars ya yi shekaru ana ce masa Pele, kuma yabo ne. A tarihin Musulunci ma, yawancinmu da Abu Huraira muka san sahabin nan, ba da sunansa na asali ba. Duk waɗannan sunaye daga ƙauna ko kunya ko jinjina suka fito. Wanda nake magana a kai daga raini ya fito: a dubi gurguntar mutum, ko i'inarsa, ko baƙin fatarsa, ko kuskurensa na rana ɗaya, a ɗaura masa a wuya har kabari. Irinsa ne aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana, kuma duk ɗan Islamiyya ya san da haka.

Na san amsar da za a ba ni, don an sha ba ni ita: "Haba Malam, wasa ne fa." Muna da wasa, gaskiya ne. Akwai na taubasai, akwai na jika da kaka, akwai na Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zazzagawa. Amma wannan wasa yana da ƙa'ida: kowane ɓangare na da bakin ramawa, kuma an san inda ake tsayawa. Idan magidanci arba'in suka taru a kan yaro ɗaya wanda tarbiyya ta hana shi mayar wa babba magana, wannan ba wasa ba ne, taron dangi ne.

Kuma laƙabin reshe ne kawai. Tushen shi ne yadda bakinmu ke kwancewa da zarar an hura usur. Mutumin da ba zai taɓa yin ashar a ƙofar gidansa ba, sai ka gan shi tsaye a kan benci yana yi wa allo daƙuwa, yana ambaton uwar alƙalin wasa. Alƙalin yana Landan ko Madrid, ba ya ji. Wanda ke ji shi ne yaron da ke zaune a ƙasa gaban allo, wanda ya ga malaminsa ko kawunsa na yi. Na tuna yadda magoya bayan Real Madrid a rumfarmu suka fusata a watan Mayun 2023, lokacin da 'yan kallo a Valencia suka yi wa Vinicius Junior ba'ar wariyar launin fata. Sun yi daidai da suka fusata, kuma a watan Yunin 2024 kotu a Sifaniya ta yanke wa mutum uku ɗaurin wata takwas a kan haka. Amma da bakin da muka la'anci waɗancan, da shi muke kiran ɗan maƙwabcinmu da sunan da ke nuni da launinsa, mu ce raha ce.

Halin da aka koya a gaban allo ba ya tsayawa a can. A watan Afrilun 2022 an farfasa motar 'yan wasan Katsina United a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano, aka ci tarar Kano Pillars, aka zabtare mata maki uku. A watan Oktoban 2025, bayan kunnen doki da Shooting Stars a wannan fili, 'yan kallo suka afka ciki suka far wa alƙalan wasa, hotuna suka zagaya duniya. Ƙungiyar da muke ƙauna ita ta biya kuɗin rashin tarbiyyarmu. Hannun da ya ɗauki dutse, baki ne ya fara share masa hanya.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Mai gidan kallo yana iya hana shan taba a rumfarsa, yana iya korar wanda bai biya ba, don haka yana iya cewa duk wanda ya yi ashar ko ya ci mutuncin wani ya karɓi kuɗinsa ya fita. Dattijon da ke benci ya daina sunkuyar da kai, kalma ɗaya daga gare shi, "Kai, ba sunansa ke nan ba," ta isa ta kashe laƙabi tun yana jariri, don ranar farko ake kashe shi, in ya kwana ya yi saiwa. Malaman makaranta da masu horar da yara a fili su lura da sunan da ake kiran kowane yaro. Limamanmu kuma su taɓo batun a huɗuba, musamman lokacin da kakar wasanni ke farawa.

Makon jiya na haɗu da yaron nan mai ruwa a bakin kasuwa. Na riga na tambayi sunansa na yanka, sai na kira shi da shi. Ya yi taku biyu kafin ya waiwayo, kamar bai tabbata da shi nake ba. Da ya matso, ya rusuna ya ce, "Baba, ashe ka san sunana?" Na ce na sani, kuma shi mahaifinka ya yanka wa rago. Wannan ita ce maganar da ya kamata in faɗa wa abokina a motar Kazaure, ban faɗa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mana dariyar da muka yi.